Gammon da Na Kai Paris

Litinin, 3 ga Nuwamba 2014, bayan la'asar

Illiassou, mijin ɗiyata Raliatou, ya kira daga Paris. An kwantar da ita asibiti tun ranar Asabar. Cikin wata shida ne da 'yan kwanaki. Likitoci sun ce ba tashi, ba zama, kwanciya kawai har Allah ya kawo lokacin.

Na ce gobe zan shiga jirgin ƙasa. Sai ya ce, "Inna, ki ɗan dakata tukuna. Ta ce ba yanzu ba."

Na ce to. Me zan ce? Wata goma ke nan rabona da muryarta, tun Janairu. Ni da na haife ta, yanzu sai an ba ni izini kafin in ga fuskarta.

Na wanke labulayen falo. Ba su yi datti ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Ba a kira ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan azahar

Fatou ta hawa na uku ta shigo aron tukunya, ta tarar ina goge kwanukan da na goge jiya. 'Yar Maradi ce, bakinta ba linzami. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hassia, mi ya same ki? Tun rasuwar maigidanki Malam ban ga kin zube haka ba."

Na gaya mata an kwantar da Raliatou. Sauran ban gaya mata ba, amma ta sani. Bangon gidajen Bron, unguwarmu a gefen Lyon, ba ya riƙe asiri.

"To gadin waya za ki yi har Allah shi sauke ta lahiya? Gobe akwai atelier a centre social. Mu tai ki koyi aikin hannu, ko kwanukanki sun huta."

Na ce na tsufa da wasan yara. Ta ce ita ma ba ta ce ni yarinya ce ba, ƙarfe biyu za ta ƙwanƙwasa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mun je. Mu tara ne, da wata tsohuwar Baturiya, Madame Odile, ita ce malamar. Abin da ake koya sunansa couronne, ado ne kewayayye da suke ratayawa a ƙofar gida in Noël, wato Kirsimeti, ta gabato. Da ta ɗaga wanda ta gama, na raɗa wa Fatou, "Ai gammo ne." Fatou ta yi dariya har da tari. Abin da muke naɗawa mu ɗora a ka mu ɗauki kaya, shi ne a nan aka yi wa kwalliya aka ba shi muƙami a ƙofa.

Kayan aikin ba su da yawa. Zoben waya mai faɗin babban faifai, raga mai launi a nannaɗe, da 'yan wayoyi masu gashi na ɗauri. Ragar dangin buhun albasa ce da ta yi arziki, an sa mata ƙyalƙyali. Ka ɗaura wayoyin a jikin zoben, tazara daidai. Ka tattaro bakin ragar a hannu, ka matse, ka sa a tsakanin waya ka murɗa sau biyu. Ka auna taƙi ɗaya da rabi, ka sake matsewa, ka ɗaure a ta gaba, ka bar tsakiyar ta kumburo. Haka har ka zagayo inda ka fara.

A baki abu mai sauƙi. Nawa ya fito gefe guda ya ƙoshi, gefe guda yana jin yunwa. Madame Odile ta ce ina ja da ƙarfi, raga ba ta son a tilasta mata. "Doucement, Madame Hassia. Il faut laisser de l'air." Wai in bar mata iska. Shekara hamsin da huɗu ina ɗaure abu tamau don kada ya kwance, yau an ce laifi ne. Ragar kuma tana karta, bayan hannuna duk ya yi zane-zane.

Awa biyu ban duba waya ba. Da na tuna, na zaro ta da sauri. Ba a kira ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe uku

Illiassou ya kira. Yaron kirki ne, gaisuwa sai ya kai ta ƙarshe ko da a tsaye yake a bakin lif. "Tana lahiya, Inna. Ta ci abinci." Na ce me ta ci? Ya ce purée, dankalin nan da suke damawa. Na ce wannan ba abinci ba ne, ya yi dariya.

Akwai tambaya guda da ban yi ba, shi ma bai amsa ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Na warware gammon na sake. Yanzu ɗaya gefen ne ke jin yunwa.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan magariba

Yau hutu ne, tram ɗinmu, jirgin cikin gari, ma jefi-jefi. Ba a kira ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Yau aka koya mana yanka. Ragar nan tana da wani hali: da zarar almakashi ya taɓa ta sai bakin ya fara tsiyaya zare, in ka ja guda ka gyara, biyar sun biyo. Madame Odile ta ce kada a ja, a naɗe bakin ciki a ɓoye shi a bayan zobe. Na dawo gida da zare a mayafi, a safa, har cikin jakata.

An kuma ba mu bindigar gam ta liƙa furanni. Ban san zafinta ya kai haka ba. Ɗan yatsana ya tashi. Fatou ta ce, "Ke da kike juya ƙosai da hannu a Damagaram, yau gam ya kada ki?" Na ce ƙosai ba ya bin mutum ya manne.

Na tambayi malamar amfanin abin, tunda ba a ci ba a sha. Ta ce in mutum ya ga couronne a ƙofa, ya san mutanen gidan suna maraba da shi, kuma suna jiran alheri. Maganar ta zauna mini.

Wata 'yar Tunisiya ta fito da hotunan jikokinta ana ta zagayawa da su. Kafin su iso kaina na tashi wanke hannu.

Asabar, 15 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya

Na kai saƙo poste, gidan waya: busasshen zogale, kilishi, da doguwar rigar barci mai taushi. Na tsaya a kan kanta da takarda da biro. Na rubuta "Allah ya ƙara sauƙi", na ga kamar gaisuwar maƙwabciya. Na rubuta wani abu dabam, na ga ya yi tsawo. Mutumin da ke bayana ya fara huci. Na yage takardar, na rufe kwalin haka nan.

Laraba, 19 ga Nuwamba, bayan azahar

Kaya sun isa. Illiassou ya ce an gode. Ban tambayi wa ya gode ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, ƙarfe biyar

Ina tsakiyar ɗaurin ja da kore waya ta buga. Illiassou ne, kuma ba ranar kiransa ba ce. Bai yi gaisuwa ba. Ya ce an shiga da ita wani ɗaki da safe, har yanzu ba a fito da ita ba, in yi addu'a. Bai faɗi ɗakin mene ne ba, ban tambaya ba.

Na koma na zauna na ci gaba da ɗauri, don in na tashi ban san inda zan nufa ba. Matse, murɗa, auna. Madame Odile ta zo wucewa ta tsaya ta ce wannan karon ya yi daidai, kowane kumburi kamar ɗan'uwansa. Ta tambaya yaya na yi. Na ce ban sani ba.

Tsoro nake ji. Gara in rubuta shi, tunda ba wanda zan gaya wa.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan asuba

An fito da ita. Ashe naƙuda ce ta taso ba lokacinta ba, ta tsaya. Su biyun suna nan. Alhamdu lillahi.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Na buɗe littafin nan da niyyar rubuta abin da na faɗa mata a watan Janairu, in dube shi da idona ko zan ga inda gubar take. Na rubuta kwanan wata, na zauna, shayi ya huce. Kalma goma ce da 'yan kai. Ba zagi ba ne, Allah ya sani. Magana dai zarar bunu ce.

Na dafa shinkafa ta mutum uku, ni kaɗai. Na kai wa Fatou.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na yanke shawara. Tunda takarda ta gagare ni, waya kuma an hana ni, zan yi mata gammo nata na kanta, a rataya a ƙofar ɗakinta na asibiti. Duk wanda ya zo wucewa ya san akwai mai jiran alheri a ciki, ita ma ta san akwai wadda ta zauna ta yi mata abu da hannu. Ba na Noël ba, ja da kore ba namu ba ne. Ba zan gaya wa Fatou ba, don gobe Bron duka za ta ji.

Na shiga tram na je unguwar Guillotière. A shagon kayan biki na samu farar raga tas, nannaɗe biyu. Na sayi ruban, ƙyallen ado na satin mai faɗi, shuɗi mai duhu irin wanda suke ce wa violet. Launinta ne tun tana ƙarama. Shekararta ta farko a makaranta a nan ta ƙi kowace jaka sai mai wannan launi, har Malam ya zagaye rabin Lyon yana nema.

A wani bazar kuma na tarar da furannin roba, manya masu ganye cunkus, farare da ruwan ƙwai. Farkon watan nan sun cika gari, kowane lungu su ne, yanzu an karyar da farashinsu. Na ce wa mai shagon ya ba ni goma sha biyu farare. Ya sa mini a leda a hankali, ya ƙara mini biyu kyauta, har ya rako ni bakin ƙofa. Ban san mutumin yana da kirki haka ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Zagaye na farko ya yi. Na bar mata iska.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, ƙarfe uku da rabi

Illiassou ya kira. Tana lahiya, ta ci abinci. Ya ce ta sa rigar. Na ce ta yi mata daidai? Ya ce ta yi. Na sa ya maimaita, na ce layin ne ba ya da kyau.

Asabar, 29 ga Nuwamba, bayan azahar

Zagaye na biyu. Farar raga ta fi ja wuyar sha'ani, ko ina waya ta leƙo sai an gan ta. Na warware sau biyu. Furanni goma sha huɗu sun hau, ƙuna biyu kawai, an samu ci gaba. Fatou ta ƙwanƙwasa, na tura kayan ƙarƙashin gado, na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 1 ga Disamba, ƙarfe biyar

Na gama. Na gitta ruban ɗin a tsakiya daga gefe zuwa gefe, na liƙa haruffa masu ruwan zinari da na saya a papeterie, shagon kayan rubutu. RALIATOU. Takwas ne, na auna da zare don kada su karkace.

Na jingina shi a kujera na koma bakin ƙofa na duba. Ba yabon kai ba, ya yi kyau. Irinsa nake gani a tagar masu sayar da furanni, har da rubutun zinarin, ina cewa wannan sai gwanaye.

Laraba, 3 ga Disamba, bayan azahar

Na sayi tikiti na jibi. Ban gaya wa kowa ba. Ba zan shiga ɗakin ba in ba ta so. In miƙa, a rataya, in juyo.

Juma'a, 5 ga Disamba, ƙarfe goma, cikin jirgi

Gammon ya ƙi shiga kowace jaka, kuma in an danne shi ya mutu. Na rufe shi da ledar pressing, ta masu wanki da guga, mai gani har hanji, na rungumo shi.

Yau Turawa sun tashi da ladabi. A tram wani saurayi ya ba ni kujera tun kafin in dube shi. A tashar Part-Dieu wani dattijo ya cire hularsa ya matsa mini hanya. Matar da ke kusa da ni a nan ta taimake ni na ɗora shi a sama, ta dafa hannuna ta ce, "Courage, madame." Wai in daure. Na ce merci. Ta tambaya, "C'est votre fille?" Wai ɗiyata ce? Na ce e. Sai idonta ya kawo ruwa. Ko a fuskata ake ganin ina da mara lafiya, oho.

Juma'a, bayan magariba, Belleville

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na isa asibitin, na hau hawa na biyu, sashen masu ciki. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta ɗago, ta ga abin da na rungumo, ta miƙe tsaye. Ta ce wurin wa na zo. Na faɗi suna. Ta karanta ruban, ta duba takardar gabanta, fuskarta ta canza, sai ta kwasa da gudu zuwa ɗaki na huɗu a hannun dama. Na bi ta a hankali.

Illiassou ne ya fito. Ko durƙuson da ya saba bai yi ba. Ya karɓe abin daga hannuna ya juya fuskar gammon bango.

"Inna, wa ya ba ki wannan?"

"Ni na yi da hannuna. Na ƙofarta ne."

"La ilaha illallahu." Ya rage murya. "Inna, couronne mortuaire ce. Irin wadda suke ɗora wa akwatin gawa. Farin, da violet ɗin, da suna a tsakiya. Furen nan ma na kabari ne, shi suke kai wa matattunsu farkon Nuwamba."

Shekara ashirin da uku ina ƙasar nan. Ban taɓa zuwa jana'izar Bature ba, ban taɓa tambayar me ake yi da na tagar masu furanni ba. Na ɗauko sunan ɗiyata da ruwan zinari a kan furen kabari, na ratsa ƙasa da shi, na kawo shi ƙofar ɗakin da take kwance tana riƙon ciki da kyar.

Ma'aikaciyar ta fito ta bar ƙofar a buɗe. Na ga Raliatou. Ta yi fari, fuskar ta kumbura, rigar da na aiko ce a jikinta. Ledar ba ta ɓoye komai, ko ta baya ana ganin furannin da bakin ruban. Ta dubi abin, ta dube ni. Ta ce wa mijinta, "Ferme la porte."

Rufe ƙofa. Ita ce maganarta ta farko da na ji cikin wata goma sha ɗaya.

Illiassou ya kawo ni gidansu na Belleville a mota, ya ba ni makulli, ya ce shi zai kwana wurin wansa. Sai da zai fita ya ce, "Ba ki sani ba ne, Inna." Na ce rashin sani ya fi dare duhu. Gammon yana bayan ƙofar wanka, fuskarsa a bango.

Asabar, 6 ga Disamba, da hantsi

Akwai ƙaramin ɗaki a gidan nan, a rufe. Na buɗe neman tsintsiya. Gadon jariri ne a ninke a jikin bango, da kwali biyu an liƙe bakinsu. Na rufe.

To, ga abin da na faɗa a Janairu. Wancan cikin ya kai wata takwas, yaron ya zo ba rai. Na iso washegari, na tarar da ita tana kallon bango. Na riƙe hannunta na ce, "Ki yi haƙuri. In ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau."

Ta zare hannunta. Ta ce, "Mon fils n'était pas de l'eau." Ɗana ba ruwa ba ne. Ta ce in fita.

Ni abin da aka gaya mini ke nan. Sau uku kafin a haife ta, a Damagaram, innata ta zauna a bakin gadona ta faɗi wannan maganar, kuma da ita na tashi na ɗaura zane na shiga madafi. Abin da nake nufi shi ne ke kin rayu, ke ce tawa, da ke na rasa da ban san yadda zan yi ba. A Hausa duk yana cikin maganar. Ita tana da shekara shida muka zo nan, Hausarta ta gaisuwa ce da ta cefane. Ta ji kalmomin, ba ta ji sauran ba. Ni kuma girman kai ya hana ni fassarawa, na ce uwa ba ta bin ɗiya da bayani.

Sau biyu ke nan. Na yi mata Hausa ta ji da kunnen Faransa, na yi mata abin Faransa da hannun Hausa.

Lahadi, 7 ga Disamba, bayan azahar

Na ɓamɓare haruffan ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa. Na sauka da gammon wurin shara. Na tsaya gaban manyan robobin nan, mai murfi ruwan ƙwai da mai kore, ban san wanne ne nasa ba, ga waya ga roba ga ƙyalle. Wata mata ta leƙo ta taga tana kallona. Na hawo da shi.

Fatou ta kira tana neman inda na shiga. Na gaya mata. Ta yi salati. Sannan ta ce, "Da kin nuna mini ma, wallahi cewa zan yi ya yi kyau."

Jirgina na komawa Talata ne.

Litinin, 8 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Illiassou ya zo ɗaukar mata kaya. Ya durƙusa a bakin ƙofar falo, ya gaishe ni har ƙarshe, sannan ya ce yana da saƙo.

"Ta ce kin zubar?"

Na ce yana nan.

"Ta ce kada ki zubar. Ta ce kowace Lahadi tana zuwa wurin yaron, yanzu sati shida ba ta je ba, kuma ba ta san ranar da za ta tashi ba." Ya dubi ƙasa. "Ta ce tunda kin iya couronne, ki kai wa mai ita."

Na ce faɗa ne ko aike? Ya ce shi ma bai sani ba, haka dai ta faɗa.

Ban taɓa taka maƙabarta ba. A wurinmu maza ke kaiwa, mata su zauna a gida. Malam ma gida aka mai da shi, ban ga inda aka sa shi ba. Na ce wa Illiassou mu ba ma kai wa kabari fure. Ya ce, "Haka ne, Inna." Amma bai tashi ba.

Na ce ƙarfe nawa zai zo.

Talata, 9 ga Disamba, bayan la'asar

Jirgin ya tafi ba ni.

Wurin yana Thiais, bayan gari, tafiyar kusan awa guda da cunkoso. Fili ne har iyakar gani, da tituna da lambobi kamar unguwa. Akwai ɓangaren Musulmi, a cikinsa kuma akwai na yara. Sanyi har cikin haƙori.

Ban zaci ƙanana ne haka ba. Kowanne bai fi tsawon hannuna ba. Wasu an ajiye musu 'yar mota, wasu fure, wani an kafa masa abin nan mai juyawa in iska ta buso. Illiassou yana tafe ba ya duba lamba. Ya tsaya a na shida a layi, ya tsuguna, ya share ganyen da suka taru da hannunsa.

Akwai ɗan allo fari. Kwanan wata guda ɗaya ne a jiki, 14 ga Janairu. A samansa akwai suna. Ban san an raɗa masa suna ba, ban taɓa tambaya ba, a wurinmu wanda bai yi kuka ba ba ya samun suna. Sunan Malam ne.

Na zauna a kan duga-dugaina. Illiassou ya ce zai je ya ɗebo ruwa a famfo, ya tafi, ya daɗe.

Na yi Fatiha da Ƙulhuwallahu. Na cire ledar. Iska tana so ta tafi da gammon, sai na zaro waya mai gashi biyu daga bayansa na ɗaure shi a ƙafar allon, na murɗa sau biyu. Ya fi kabarin faɗi.

Daga nan ban san abin da ake yi ba. Na tuna nawa uku, waɗanda aka naɗe a ƙyalle aka fita da su tun ban farfaɗo ba. Ban san inda suke ba, ko gabas ko yamma da gari. Shekara talatin da wani abu ban yi musu kuka ba, an ce tulu yana nan. Yau na yi, a Thiais, a gaban ɗan wata.

Ba ɗan wata ba. Jikana ne. Jika namiji kuwa mijin kakarsa ne, ga suna ma ya zo daidai. Na gyara mayafi na ce, "Maigida, sai yau na samu zuwa, ka yi haƙuri. Amma kai ma ba ka kyauta ba. Ka shigo gari ba ka biyo ka ga amaryarka ba, ko na cefane ba ka bari ba."

Illiassou ya dawo da ruwa a gora. Na ga ya ji, don ya juya baya yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Ya ɗauki hoto da wayarsa kafin mu tafi.

Laraba, 10 ga Disamba, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Illiassou ya kira. An ce in zo ƙarfe biyu. Ba gyaɗa a gidan nan, sai na sauka Belleville nema.

Laraba, bayan magariba

Ma'aikaciyar ranar Juma'a ce a kan tebur. Ta fara duba hannuwana. Na ɗaga mata thermos na ce kunu ne, ta yi dariya ta nuna mini hanya.

Na yi sallama. An ɗaura mata wani bel a ciki, na'ura tana buga zuciyar na ciki da sauri, fat-fat-fat. Na tsaya daga bakin ƙofa da thermos a hannu.

"Tu l'as vu? Kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Illiassou ya ce kin yi masa magana. Me kika ce?"

Na ce, "Wannan tsakanina da mijina ne."

Ta dube ni. Bakinta ya fara rawa, ban san dariya ce za ta fito ko kuka ba, sai suka fito tare. Ta dafe cikin da hannu biyu. "Maman, arrête, an hana ni dariya."

Na ce to na bari.

Kujera guda ce a ɗakin, kaya ne a kai. Ta ɗan janye ƙafafunta gefe, ta bar wuri a bakin gado. Na zauna. Ƙafafun sun kumbura, sun yi sanyi ƙalau, ba wanda ya sa mata safa. Na ɗauke su na ɗora a cinyata na fara matsawa a hankali.

Ba ta janye ba.